Tambaya da Amsa: Koren Man Washi ya Dakusar Mini da Aska

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni wanzami ne a Unguwar Rogo da ke Jos, kuma ina aiki da wata askar Bature da na gada daga mahaifina, ƙirar garin Solingen na ƙasar Jamus. Ƙanena ya aiko mini daga Abuja da wani koren man washi, na shafa shi a jikin fatar da nake ratayewa ina goga askar kullum. Da farko ta yi kaifi ƙwarai, amma bayan wata guda sai ta koma jan gashi. Wani bakanike ya ce in gwada man da suke goge bawul ɗin inji da shi. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam wanzami. Allah ya jiƙan Baba. Maganar bakanike kam a bar ta a gareji, domin man bawul yana da tsakuwa mai kaushi da aka yi don cin ƙarfen inji, kuma idan ya taɓa bakin aska zai bar masa zane da ƙananan giɓi waɗanda sai dutse zai iya fitar da su.

Koren man da ƙanenka ya aiko sinadarin kuromiyam oksaid ne, wanda girman ƙwayarsa yakan kai kimanin rabin maikiron (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), alhali kaurin gashin kan mutum yana tsakanin maikiron 50 zuwa 100. Duk da laushinsa, yana cin ƙarfe. Nan ne bambancinsa da fata zalla, wadda aikinta miƙar da bakin aska da share shi, ba tare da ta rage wani abin kirki daga jikin ƙarfen ba. Saboda haka tun ranar da ka shafa man a fatarka ta kullum, ka mayar da ita dutsen washi, kuma babu wanzamin da ke kai askarsa kan dutse kowace safiya.

Kuskure na biyu shi ne ratayar. Fatar da aka rataya, ko yaya aka ja ta, takan ɗan lotsa a ƙarƙashin aska, sai ta naɗo bakin ta riƙa cinsa daga gefe, har siririn bakin nan ya zama kamar bayan kunkuru. Ido ba zai gani ba, sai dai mai aski ya ji a haɓarsa. Wannan ne ya sa da farko ka ga kaifi, daga baya kuma ka ga dakushewa.

Ga abin da nake ganin ya dace. Ka nemi fata ta biyu, ƙirgi mai santsi marar tabo, irin wanda dukawan Naraguta da ke kusa da Jos ba za su rasa ba, ka ajiye ta don aikin kullum, kada mai ya kusance ta ko da a cikin zabira. Ita kuwa wadda ta riga ta sha mai, ba ta komawa yadda take, sai ka yanke ta ka manna a kan shafaffen katako domin ta daina lotsawa. Man da za a shafa kaɗan ne ƙwarai, har launin fatar ya riƙa bayyana ta ƙarƙashinsa. Idan ta yi kore shar, an cika shi. Ka kwantar da askar gaba ɗaya, bayanta da bakinta duk suna taɓa fata, ka ja ta bayan yana gaba, ka juya ta a kan bayan, ba tare da dannawa ba. Zuwa da dawowa 5 zuwa 10 sun isa, kuma sai lokacin da ka ji ta fara jan gashi. Daga nan ka goge ta sarai da ƙyalle, sannan ka yi kamar 40 a kan fata zalla.

Askar taka a yanzu ta wuce gyaran mai. Sai an koma dutse, a fara da dutse mai lamba 1000 don a sake fitar da bakin, a bi da masu lamba 4000 da 8000 waɗanda suka fi shi laushi, sannan koren mai ya zo a ƙarshe. Akwai kuma jan mai na sinadarin ƙarfe, wanda ya fi koren sanyin ci, da na daimon mai maikiron 1 ko 0.5 ko 0.25, wanda ya fi su saurin ci, ko da yake a ganina yakan bar baki mai zafi a fuska.

Hunturun Jos yana busar da fata har ta tsage, don haka ka ɗan murza mata man kaɗanya da tafin hannu, ka bar ta ta kwana. Kuma goga aska a fata ba ya kashe ƙwayoyin cutar hanta ko ƙanjamau, sai ka wanke ta ka tsaftace ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane mutum, ka busar da ita kafin ta taɓa fatar.