Manhajar kyauta ma tana da mai ita

Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa kamfaninsa yana sayar wa masu shaguna manhajar lissafin kaya, wadda ƙanensa ya harhaɗa daga manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda aka saki tushen rubutunsu (umarnin da aka gina su da shi) a fili don kowa ya ɗauka kyauta. Burinsa ya jawo masu zuba jari cikin shekara 2, kuma yana tambaya ko akwai abin da ake bin sa, tunda bai biya kowa komai ba.

Malam, mu ajiye batun masu zuba jari tukuna, domin na gaji da ganin mutane suna lissafin riba kafin su san abin da suka mallaka. Kuskurenka guda ɗaya ne: ba ka da rubutaccen jerin abin da ke cikin manhajarka, ka bar komai a kan ƙanenka. Da kaya ne a sito, ba za ka yarda su kwana babu takarda ba.

Kana da 'yancin amfani da waɗannan manhajoji, ka gyara su, har ka sayar, amma kowace tana tafe da lasisinta. Lasisin MIT da na Apache 2.0 suna da sauƙi, mafi girman sharaɗinsu shi ne kada ka goge sunan masu haƙƙin mallaka da rubutun lasisin. Lasisin GPL kuwa wani abu ne daban, domin idan ka gina kayanka a kan manhaja mai shi sannan ka miƙa wa abokin ciniki, wajibi ne ka ba shi tushen rubutun bisa wannan lasisin. A watan Disamba na 2008 gidauniyar Free Software Foundation ta maka kamfanin Cisco a kotu a Amurka kan irin wannan, sai a 2009 aka sasanta.

Na taɓa zama da wani ƙaramin kamfani da aka taya da farashi mai kyau. Mai sayen ya nemi jerin lasisi, aka rasa, domin wanda ya rubuta manhajar, ɗan'uwan mai kamfanin, ya riga ya bar aiki cikin fushi. An shafe watanni ana tono, aka tarar da wani yanki mai GPL a tsakiyar kayan, mai sayen kuwa ya kama gabansa.

Ka kuma sani cewa waɗannan lasisi sun fito fili sun ce babu garanti. Lokacin da aka gano ɓarakar tsaro a Log4j, wata manhaja mai buɗaɗɗen tushe, a Disamba na 2021, kamfanoni da yawa sun sha wuya domin ba su ma san suna amfani da ita ba. Idan bayanan abokin cinikinka suka salwanta, kai zai tuhuma, 'yan sa-kan da suka rubuta manhajar kyautar ba su ɗaukar maka alkawarin komai ba. Sharuɗɗan lasisin ma suna sauyawa, kamar yadda kamfanin manhaja na HashiCorp ya sauya nasa a 2023, kamfanin Redis kuma a 2024.

Saboda haka ka zaunar da ƙanenka a wannan makon, ya rubuta sunan kowane yanki, da lambar fitowarsa, da lasisinsa, a riƙa sabunta jerin duk wata 3. A ganina ka ware kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin aikin manhajar don gyara da sabuntawa, ka ɗan tallafa wa aikin da ka fi dogara da shi. Sannan ku sa hannu a yarjejeniya, a gaban lauya, cewa abin da ya rubuta da hannunsa mallakar kamfani ne.