Malam, don me aka ba ni sifili a kan 1,092?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyar a sakandare, ina shirin NECO. An ce mu warware 1,092 zuwa lambobin firaim (lambobin da suka fi 1 kuma ba su rabuwa daidai sai da 1 da kansu), na rubuta 2 × 2 × 3 × 91, sai malaminmu ya zabga min sifili. Malamin da ke mana lesin da yamma kuma ya ce duk lambar da ta ƙare da 1, 3, 7 ko 9 firaim ce. Hankalina ya tashi, wa zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, aikinka ya kusa kai gaci, a mataki na ƙarshe ne ka zauna. 91 ba firaim ba ce, 7 sau 13 ce. Amsar ita ce 2 × 2 × 3 × 7 × 13.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci. Wannan magana ta malamin lesin naku na ji ta har ta ishe ni, kusan kowane zango sai ɗalibi ya kawo min ita. Gaskiyar da ke cikinta ɗaya ce: duk firaim da ta wuce 5 tana ƙarewa da 1, 3, 7 ko 9. Amma juya zancen ƙarya ne tsagwaronta. Kowane Bakano ɗan Najeriya ne, ai ba kowane ɗan Najeriya ne Bakano ba. Duba 51, 3 sau 17 ce. 57, 3 sau 19. 87, 3 sau 29. 143 kuwa 11 sau 13. Dukansu sun yi shigar firaim, ba ko ɗaya da take firaim.

Ita 91 ta fi su wayo. A ƙasa da 100, in ka cire 1, lambobin da ba su rabuwa da 2, 3 ko 5 amma kuma ba firaim ba guda uku ne kacal: 49, 77 da 91. Ta farko kowa ya haddace ta a jadawalin sau, ta biyu da ido ake gane ta. Sai 91 ta rage, ita ce ramin da masu tsara jarrabawa ke haƙa wa yara, kuma mai karɓar kuɗin iyaye yana koya musu "gajeriyar hanya" shi ke tura su ciki.

Ɓarnar ba a nan ta tsaya ba. A ce ka nemo babbar lambar da za ta raba 1,092 da 130 duka. 130 ita ce 2 × 5 × 13, don haka amsar 26. Wanda ya bar 91 a dunƙule ba zai taɓa ganin 13 ɗin ba, 2 zai rubuta, maki ya sake tafiya.

Abin yi: kada ka yanke wa lamba hukunci da kallon wutsiyarta. Gwada ta da 2, 3, 5, 7, 11, 13, bi da bi. Kana tsayawa ne kawai idan firaim ɗin da ka iso, sau kanta, ta wuce lambar. Misali 97: ba ta rabuwa da 2, 3, 5 ko 7, kuma 11 sau 11 ya kai 121, to ita kam firaim ce.

Ka kai wa malamin lesin naku 221, cikin ladabi, ka ce ya gaya maka ko firaim ce. Kafin ka je, gwada ta da 13.