Ya sake ni, ya ce tunda yaran suna wurina ni zan ciyar da su

Tambaya: Barista, wata bakwai ke nan da mijina ya sake ni. Yara uku suna hannuna, ƙaramar tana shan nono. Ya ce tunda na ƙi ba shi su, babu ko sisinsa. Yana da aikin yi. Mene ne matsayina?

Amsa: 'Yar'uwa, maganar tasa ba ta da gindin zama. Riƙon yara daban, ciyar da su daban. Saki ya raba ki da shi, bai raba shi da 'ya'yansa ba, kuma nafaƙar nan haƙƙin yaran ce, ba kyauta ce da zai yi miki in ya ga dama ba.

Idan auren Musulunci kuka yi, a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙo, uba kuma shi ke ɗaukar ci da sha, sutura, wurin kwana da magani: namiji har ya balaga ya iya neman na kansa, mace har ta tare a gidan miji. Ko da kin yi wani aure riƙon ya koma wurin mahaifiyarki, nauyin kuɗin yana kansa. Shayarwar da kike yi ma, aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce a biya matar da aka saka ladanta. Mata da yawa ba su san wannan ba, wasu kuma kunya ke hana su nema. A dokokin da ba na shari'ar Musulunci ba ma haka abin yake. Sashe na 27 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ɗora wa iyaye wannan nauyi gwargwadon ƙarfinsu.

Nawa ne? Babu ƙayyadadden adadi. Alƙali yana duba samun uban da buƙatar yaran, don aya ta 7 ta ce mawadaci ya ciyar daga wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma daga abin da Allah ya ba shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wata bakwan nan. Malaman Malikiyya sun ce nafaƙar yara ta baya tana iya faɗuwa in lokaci ya wuce, sai dai in alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma wanda ya ciyar bai yi da niyyar kyauta ba. Don haka daga yau ki faɗa wa mutum biyu adalai cewa abin da kike kashewa za ki nema a wurin ubansu. Ki adana rasit na makaranta da asibiti, da saƙonnin da ya ce ba zai biya ba. Kada ki goge su don fushi.

Ki fara da sulhu ta hannun waliyyinki da manyansa. In an daidaita, a rubuta adadi da ranar biya, a sa hannu gaban shaidu, a kai kotu ta tabbatar. Alkawarin baki shi ne yake dawo da mutane ofishina bayan wata uku. In ya ƙi, ki shigar da ƙara a kotun da ke da hurumin shari'ar aure inda kike zaune, ki roƙi umarnin biyan wani abu na wucin gadi kafin a gama shari'a. Kuma kada ki hana shi ganin yaransa don bai biya ba, zai riƙe wannan hujja a kanki gaban alƙali.