Amsoshin Wasiƙunku: Me Zan Saya Wa Yarona Don Ya San Haƙƙinsa a Amurka?

Wasiƙun wannan makon daga 'yan uwanmu mazauna Amurka suka zo, kuma duk damuwarsu ɗaya ce: yara sun tasa, sun fara fita su kaɗai, a ƙasar da launin fata ke da dogon tarihi a gaban alƙali da ɗan sanda.

"Malama, ɗana shekararsa 15, muna Bronx. Tun da ya fara shiga jirgin ƙasa shi kaɗai barci ya ƙaurace mini. Na ga wani a TikTok yana sayar da darasin sanin doka dala 350, har da kati da yaro zai zaro ya nuna wa ɗan sanda. In biya?" Daga wata uwa.

'Yar uwa, Allah ya kwantar miki da hankali, ya tsare miki shi. Tsoronki ba na banza ba ne. Amma ki mayar da kuɗinki jaka.

Mu fara da katin. A nan unguwarku ta Bronx da ke birnin New York, a Fabrairun 1999, 'yan sanda huɗu suka harba harsashi 41 kan Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, a ƙofar gidansu. Ba shi da makami. Hannu ya sa zai ciro walat ɗinsa. Shekara ta zagayo kotu ta wanke su duka. To yanzu wani ya zo yana sayar miki da abin da sai yaro ya zura hannu aljihu kafin ya yi amfani da shi? Haba!

Wannan kasuwa ta masu sayar da doka a waya ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya ɗaura nektai, ya jera littattafai a bayansa, shi ke nan ya zama masani. Wasunsu har koya wa yara suke wai ba a bukatar lasin don tuƙi, wai akwai kalmomin da in ka furta kotu ba ta da iko a kanka. Alƙalan Amurka sun sha watsi da irin wannan zance, kuma wanda ya gwada shi a bakin titi shi ke kwana a ofishin 'yan sanda, mai darasin kuwa yana gida yana ƙirga dalolinsa. Mu kuma da zarar an taɓa mana 'ya'ya sai mu saki bakin aljihu ba tambaya, kamar yadda muke yi wa mai maganin gargajiya a tasha. Uwa ta yi aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ta kwashi gumin mako guda ta miƙa wa wanda ko sunansa na gaskiya ba ta sani ba. Kowace jiha tana da rajistar lauyoyinta a intanet, kyauta ake dubawa. Wanda ya ce shi lauya ne, ki nemi sunansa a can. In babu, zance ya ƙare. Kuma dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka darasi guda da aka ce ya dace da ko'ina ƙarya ce tun daga tushe.

Abin da yaronki ke bukata kaɗan ne, kuma ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta Amurka, ACLU, ta rubuta shi a shafinta ba ko sisi. Kada ya gudu, kada ya yi kokawa, hannayensa su kasance a fili. Ya tambaya cikin ladabi ko an ba shi izinin tafiya. In an tsare shi, ya faɗa da bakinsa cewa zai yi shiru kuma yana son lauya da mahaifiyarsa, sannan ya yi shirun da gaske. Kada ya sa hannu a kowace takarda. Lambar wayarki ta zauna a kansa.

Ki kuma ba shi dalili, domin saurayi ba ya riƙe umarni tsurarsa. Ki ba shi labarin yara biyar na shari'ar Central Park ta 1989, huɗu baƙaƙe, ɗaya ɗan asalin Latin Amurka, masu shekara 14 zuwa 16. An yi awoyi ana tatsar su da tambayoyi, aka ɗaure su kan laifin da ba su aikata ba, sai a 2002 aka soke hukuncin bayan mai laifin ya amsa kuma gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar. Ɗaya daga cikinsu, Yusef Salaam, Musulmi ne, an zaɓe shi ɗan majalisar birnin New York a 2023. Ki gaya masa cewa tun 1966, a shari'ar Miranda, Kotun Ƙoli ta wajabta wa 'yan sanda sanar da wanda suka tsare haƙƙinsa na yin shiru, kuma a 1967, a shari'ar wani yaro sa'ansa mai suna Gerald Gault, ta ce yara ma suna da haƙƙin samun lauya. Dala 350 ɗin nan ki ajiye ta. In aka ƙaddara bukatar lauya na gaske, Allah ya kiyaye, a nan za ta yi rana.

"Malama, rigar da aka buga hoton Martin Luther King ko wadda aka buga Malcolm X, wacce ta fi dacewa da 'yata?" Daga wani uba a Columbus.

Malam, wadda ta yi mata daidai a kafaɗa. Riga ba ta karantar da kowa, kuma da yawan maganganun da ake bugawa a jikin irin waɗannan riguna ba a tantance wanda ya faɗe su ba. Ka kai ta laburaren unguwa ta yi kati, kyauta ne.

"Muna da kuɗin tafiya guda ɗaya a hutun bana, yara biyu, 13 da 17. Washington ko Alabama?" Daga wasu ma'aurata a Maryland.

Washington tana bayan gidanku, ba ta bukatar kuɗin hutu. Gidan tarihin baƙaƙen Amurka da aka buɗe a 2016 shiga kyauta ne, sai dai ku karɓi tikitin lokaci a shafin gidan da kansa, kada ku saya a hannun 'yan tsakiya. Wannan aikin Asabar ɗaya ne. Kuɗin ku kai shi Montgomery, babban birnin Alabama. A can ne Claudette Colvin, tana da shekara 15, ta ƙi tashi daga kujerar bas ta bar wa farar fata a Maris na 1955, wata tara kafin Rosa Parks ta yi irin haka ta shahara, kuma tana cikin matan da ƙararsu ta kawo ƙarshen wariya a motocin birnin a 1956. Akwai kuma wurin tunawa da waɗanda gungun fararen fata suka kashe ba shari'a, wanda aka buɗe a 2018. Wurin yana da nauyi ƙwarai. Ku shirya ɗan shekara 13 kafin ku shiga, kuma kada ku cika ranar da wasu yawace-yawace.

"Mu 'yan Afirka ne, wannan rigimar ta baƙaƙen Amurka ce. Makarantar ɗana na neman kuɗin ziyarar kotu da gidan tarihi. Ba asara ba ce?" Daga wani Alhaji a Houston.

Alhaji, da girmanka, ka biya. Ɗan sandan da ya tsayar da ɗanka da daddare ba zai tambaye shi ko kakansa Bakano ne ba. Sannan ka tuna bashin da ke kanmu: hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, da dokar 'yancin farar hula ta 1964, su suka buɗe ajin da ɗanka ke zaune a ciki, kuma dokar shige da fice ta 1965, wadda ta sauƙaƙa wa irinmu shigowa, a zafin wannan gwagwarmayar aka yi ta. In ka samu sarari ka bi su. Yawancin zaman kotun manya a buɗe yake ga kowa, a bar wayoyi a kashe, a sa tufafin kirki. Ka nuna masa lauyan da gwamnati ke ba wanda ba shi da hali, haƙƙin da aka tabbatar a 1963, ka kuma gaya masa cewa a kotun shige da fice babu wannan gatan. Can kowa da aljihunsa yake ɗaukar lauya.