Amsa: Me ya rage a garin Bodie?

Malam, ka tambaya ko akwai sauran abin gani a Bodie, kufan tsohon garin haƙar zinariya a jihar Kalifoniya ta Amurka. Akwai. An gano zinariya a wurin a 1859, garin ya cika ya batse wajajen 1879, gobarar 1932 kuma ta cinye mafi yawansa. Tun 1962 hukuma ke kula da ragowar. Ba ta sabunta gini, tokare shi kawai take kada ya rushe. Ka fara da cocin Methodist na 1882, sannan injin niƙa dutse na kamfanin haƙar zinariya na Standard, wanda sai da ɗan rakiya ake shiga. Mil 3 na ƙarshen hanyar ba kwalta, dusar ƙanƙara kan rufe ta da hunturu. Ba gidan mai, ba abinci, sai ka yi guzuri. Ko ƙusa an hana ɗauka.