An Riƙe Min Kuɗin Ƙarin Girma, Ko In Daina Zuwa Ofis?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ma'aikacin gwamnatin jiha ne. Tun 2022 aka ƙara min girma zuwa mataki na 10, takardar tana hannuna, amma har yau albashin mataki na 9 nake karɓa. Rabin mutanen ofishinmu sai hantsi suke zuwa, su sa hannu a rajista su wuce neman na cefane. Ƙungiyarmu kuma tana maganar yajin aiki. In na daina zuwa, ko na shiga yajin, me zai same ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Kada ka daina zuwa. Ƙauracewar mutum ɗaya ba yajin aiki ba ce, fashin aiki ne ba izini, kuma dokokin aikin gwamnati sun sa shi cikin manyan laifukan da ake kora a kansu. Ranar da aka tashi tantance ma'aikata, rajistar nan za a fara ɗaukowa, kuma ba wanda zai tambayi wa ya fara cutar wani. Kai da kake bin bashi sai ka koma mai kare kai.

Yajin ƙungiya daban ne, amma shi ma yana da sharuɗɗa. Gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya ce sai an kaɗa ƙuri'a mafi yawan mambobi sun amince, kuma dokar rikicin ƙwadago ta ce sai an bi matakan sulhu tukuna. Akwai kuma takunkumi a kan masu ayyukan da ba a iya rayuwa sai da su, kamar asibiti da ruwa da lantarki, kuma jerin ya yi faɗin da har aikin gwamnati kansa yana ciki. A ganina an wuce gona da iri a nan, amma haka yake a rubuce. Don haka ka tambayi shugabanninku: an yi ƙuri'a? An ba da sanarwa a rubuce?

Ko an cika komai, sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago ya ce ba aiki ba albashi. Malaman jami'a sun ɗanɗana wannan. ASUU ta yi wata takwas tana yaji, daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, gwamnatin tarayya ta riƙe albashi, kuma a 2023 Kotun Ƙwadago ta Ƙasa ta ce tana da hurumin yin haka. Albashin wata huɗun da Shugaba Tinubu ya amince a sake daga baya sassauci ne, ba hukuncin kotu ba.

Ƙarfinka yana cikin takardar da ke hannunka. Kotuna sun sha cewa ƙarin girma ba haƙƙi ba ne da za a tilasta, amma da zarar an ba ka shi, bambancin albashin ya zama bashi. Haɗa takardar da takardun albashinka da bayanan banki, ka lissafa gibin wata-wata. Rubuta koke zuwa ga babban sakatare ta hannun shugaban sashenka, ka tabbatar an buga wa kwafinka hatimin karɓa da kwanan wata. Alƙawarin baki na "ana kan aiki a kai" ba ya shiga fayil. In shiru ta yi yawa, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana saurare kyauta.

Bayan nan sai Kotun Ƙwadago ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya ba ta shari'ar ƙwadago ita kaɗai. Kada ka yi jinkiri: akwai dokar da ta ba da wata uku kacal don ƙarar jami'an gwamnati, kuma hukunce-hukunce sun saɓa a kan ko ta shafi bashin albashi. Lauyan gwamnati da ita zai fara. Ku haɗu da masu irin matsalarka don kuɗin lauya ya yi sauƙi. Ka kuma sani cin shari'a ba shi ne kuɗi a aljihu ba, domin taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da izinin Antoni Janar, shi ya sa ake yawan ƙarewa da yarjejeniyar biya kashi-kashi.

In aka ba ka takardar tuhuma a tsakanin nan, amsa ta a rubuce cikin wa'adin da aka sa, ka nuna wa lauya kafin ka miƙa.