Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ƙwayoyin Gado Ke Fara Aiki a Farkon Ciki

Tambaya: Likita, tunda kusan duk ƙwayoyin jikin mutum suna ɗauke da DNA iri ɗaya, wato zaren da ke riƙe da bayanan gado, ta yaya wata ke zama ta ido, wata kuma ta hanta?

Amsa: Bambancin yana ga abin da kowace ƙwaya ta buɗe da abin da ta rufe. Zaren DNA na ƙwaya guda ya kai kusan mita 2, kuma yana naɗe ne a jikin wasu sinadarai da ake kira histon, guda 8 a kowane ƙulli, kamar zare a jikin kwarkwaro. Idan aka liƙa wa histon alamar asetil, naɗin yakan sassauta har a iya karanta ƙwayar gadon da ke wurin, wato guntun DNA mai ɗauke da wani umarni, alamar metil kuwa takan kulle wani wuri, ta buɗe wani. Tun a 1964 masanin kimiyya Vincent Allfrey da abokan aikinsa suka nuna alaƙar waɗannan alamomi da aikin ƙwayoyin gado.

Tambaya: Yaushe ɗan tayi ke fara amfani da nasa ƙwayoyin gadon?

Amsa: Ba nan take ba. Maniyyi yana zuwa da mafi yawan DNA ɗinsa a matse cikin sinadarin protamin, sai ƙwan mace ya cire shi cikin 'yan sa'o'i ya maye gurbinsa da histon da ke cikin ƙwan. Guzurin da uwa ta tara a cikin ƙwan ne ke tafiyar da komai har wajen kwana na 3, lokacin da tayin ya kai ƙwaya 4 zuwa 8. A ɓera kuwa, tun yana ƙwaya 2 yake karɓar ragama.

Tambaya: Ina shan sodiyam balfurowet saboda farfaɗiya, kuma ina son haihuwa. Akwai haɗari?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, kuma ba ƙarami ba ne. Maganin yana hana cire alamar asetil daga histon, kuma ana ganin hakan na cikin dalilan da yake jawo nakasa ga kusan jariri 1 cikin 10 da uwarsa ta sha shi da ciki, ciki har da tsagewar ƙashin baya. Bututun da ke zama laka da ƙwaƙwalwa yana rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, sau da yawa kafin mace ta san tana da shi. Kada ki daina maganin da kanki, domin farfaɗiya mai tsanani tana iya hallaka uwa da ɗa. Ki je wurin likitanki tun kafin ki ɗauki ciki, ya duba ko za a sauya miki magani, ya kuma fara ba ki bitamin ɗin folik asid.